Damo Sarkin Haƙuri: Ciwon Bakin Da Keji Ke Haifarwa

Bahaushe ya daɗe da naɗa damo sarautar haƙuri. A jefe shi ya yi lamo, a kama shi ya yi shiru, rani ya tsananta ya shige rami ya kwashe watanni bai sa komai a bakinsa ba. Abin da da yawa daga cikinmu ba su sani ba shi ne, wannan dabba da yara ke kora da karnuka a bayan gari ta zama abin kiwo na marmari a Amurka da ƙasashen Turai. A can ana sayar da 'ya'yan damo a kantunan dabbobi, a saka su cikin akwatin gilashi a falo, a raɗa musu suna kamar yadda ake yi wa kyanwa. A cikin wannan akwati ne wata cuta ke yawan kama su, wadda masu kiwo ke kira ruɓewar baki: dasashi ya kumbura, mugunya ta taru, haƙora su yi girgiɗi, dabbar ta daina ci har ta ƙare.

A matsayina na mai koyar da ilimin dabbobi, ina ganin wannan cuta ta cancanci a tsaya a dube ta, ko da mai karatu bai taɓa tunanin kiwon damo ba. Ra'ayina a kanta guda ne. Ciwon bakin damo shaida ce a kan yadda aka ajiye shi. Duk wanda ya wanke miki, ya yi allura, sannan ya mayar da dabbar cikin kejin da ya jawo ciwon ba tare da ya gyara komai ba, to ya yi aikin baban giwa. Magani yana da muhimmanci, zan kuma yi bayaninsa dalla-dalla, amma rabin aiki ne.

Bari mu fara da sanin dabbar. Masana suna kiran damonmu na tudu da sunan Varanus exanthematicus, kuma wani Bafaranshe mai suna Louis Bosc ne ya fara siffanta shi a rubuce a 1792. Kalmar Varanus kanta daga Larabci aka aro ta, daga “waral”. Ɗan'uwansa na bakin ruwa, wato guza, ya fi shi tsawo da zafin rai, domin yana iya kai mita 2, alhali damo da wuya ya wuce mita 1. Tun 1975 yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido a kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, ta saka dangin damo cikin dabbobin da ba a fitar da su sai da takardar izini. Duk da haka, dubun-dubatar 'ya'yan damo sun yi ta barin Gana da Togo da Jamhuriyar Benin shekara bayan shekara. Mafi yawansu ko dai daga daji aka kamo su, ko kuwa uwayensu aka kama da ciki, aka tsare su har suka saki ƙwai, aka ƙyanƙyashe. Saboda arharsu, sukan faɗa hannun sababbin masu kiwo waɗanda ba su san komai game da rayuwar dabbar a ƙasarta ba.

To yaya rayuwar take a ƙasarta? Daniel Bennett, wani mai bincike ɗan Birtaniya da ya bibiyi damo a dazukan Gana, ya nuna cewa abincinsa kusan duk ƙananan halittu ne marasa ƙashi: gyare, fara, buzuzu, ƙadandoniya, kunama da dodon koɗi. Da damina yake cin abincinsa ya tara kitse, da rani kuma ya lafe a rami ko kogon itace yana cin abin da ya tara. Da hantsi yakan fito ya kwanta a kan ƙasa mai zafi har jikinsa ya ɗau ɗumi, in zafi ya ishe shi ya koma rami mai sanyi da laima. Wannan kai-da-komo tsakanin rana da rami shi ne ginshiƙin lafiyarsa, domin jikin damo ba ya samar da zafin kansa kamar na mutum ko akuya. Narkar da abinci, warkewar rauni, yaƙi da ƙwayoyin cuta, duk sun rataya ne a kan zafin da ya samo daga waje.

Yanzu mai karatu ya kwatanta wannan da akwatin gilashi a wani ɗaki a Jamus ko arewacin Amurka a tsakiyar hunturu. Kwan fitila guda ne ke ba da ɗan ɗumi. A ƙasa an shimfiɗa jarida ko ɓawon itace, babu wurin haƙa rami. Iska a bushe take. Abinci kuwa ɓeraye ne da abincin kare na gwangwani, masu maiƙo, ana ba shi kullum babu rani babu damina. Damo bai san gilashi ba. Yana ganin fili a gabansa, sai ya yi ta tura hanci yana gogawa yana neman hanyar fita, har fatar leɓensa ta saɓule. Ga sanyi ya raunana garkuwar jikinsa, ga fargaba, ga ƙishirwa, ga rauni a baki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a nan bangon ya tsage ta ko'ina.

Ƙwayoyin cutar da ke shiga ta wannan tsaga ba baƙi ba ne. Yawancinsu bakteriya ne irin su Sudomonas da Eromonas da danginsu, waɗanda dama suna zaune a bakin dabbar, ko a cikin kwanon ruwanta, ko a ƙasan kejinta, ba tare da sun yi mata lahani ba muddin tana da ƙarfi. Wannan batu yana tuna mini wata tsohuwar fahimta game da babban yayan damo, wato dodon Komodo na ƙasar Indunusiya. Bayan littafin da Walter Auffenberg ya wallafa a kansa a 1981, an daɗe ana cewa bakinsa cike yake da miyagun ƙwayoyin cuta, kuma da su yake kashe abin da ya ciza. A 2009 Bryan Fry da abokan aikinsa suka nuna cewa dodon yana da wasu ƙulli a muƙamuƙinsa na ƙasa masu fitar da dafi, sannan wani bincike na 2013 ya gano cewa ƙwayoyin da ke bakinsa ba su bambanta sosai da na sauran masu cin nama ba. Darasin da ke ciki shi ne, bakin dangin damo ba ƙazami ba ne bisa halitta. Idan ya ruɓe, akwai dalili, domin ruwa ba ya tsami banza.

Cutar takan fara a ɓoye. Alamar farko ita ce wasu jajayen ɗigo-ɗigo a dasashi kamar an tsira allura, sai yawu ya yi kauri yana yauƙi a gefen baki. Daga nan leɓe ya kumbura, bakin ya kasa rufuwa daidai. Sai mugunya ta bayyana, kuma muguntar wannan mugunya ita ce ba ta gudana. Fararen ƙwayoyin jinin dabbobi masu jan ciki ba sa narkar da ita ta zama ruwa kamar yadda ke faruwa a jikin mutum, saboda haka sai ta daskare ta yi kama da cuku, ta manne a gindin haƙora. Babu yadda za ta tsiyaye da kanta, maganin da ke yawo a jini kuma ba ya ratsa ta sosai. In aka bar ta, sai ciwon ya nutsa cikin ƙashin muƙamuƙi ya riƙa cin sa. Haƙoran damo a jikin gefen ciki na muƙamuƙi suke manne, kuma yana sauya su a tsawon rayuwarsa, saɓanin ƙadangare da hawainiya waɗanda nasu ke dashe a kan tsinin ƙashi. Haƙorin da ya faɗi zai iya sake tsirowa, amma in ƙashin da ke riƙe shi ya lalace, an yi asarar da ba ta da mayi.

Akwai wasu hanyoyi biyu da ciwon ke bi ya kai ga kisa. Ta farko, ƙofar maƙogwaron damo tana buɗewa ne a ƙasan baki. Duk numfashin da ya ja yana iya tafiya da ɓurɓushin mugunya zuwa huhu, kuma ba shi da tantanin da ke raba ƙirji da ciki irin namu, wanda ke taimaka mana yin tari mu fitar da majina. Ciwon baki sai ya zama ciwon huhu. Ta biyu, damo da harshensa mai reshe biyu yake sansanar duniya: yana zaro shi ya ɗebo ƙamshi, ya kai shi ga wasu 'yan ramuka a ganɗarsa. Idan ganɗa ta kumbura, ba ya jin ƙamshin abinci, ga kuma zafin tauna. Sai ya daina ci, jiki ya ƙara rauni, ciwo ya ƙara samun gindin zama.

A nan ne haƙurin da muke yi masa kirari da shi ke zama masa bala'i. Dabbar daji da ta nuna rauni ta gayyato mai cin ta, don haka damo yana ɓoye ciwonsa har sai ya ci ƙarfinsa. Ba ya kuka, ba ya nishi. Ya fi muni ma, mai kiwo da ya ga damonsa ya kwanta shiru, a ɗauke shi bai yi gardama ba, sai ya yi murna wai ya saba da mutane. Sau da yawa wannan ladabi na sanyi ne da rashin lafiya. Lafiyayyen damo yana da kuzari, idonsa a buɗe, harshensa na fita akai-akai, in an matsa masa ya kumbura ya yi huci ya kai bulala da wutsiya. Saboda haka nake ganin wajibi ne mai kiwo ya riƙa duba bakin dabbarsa lokacin da take hamma ko cin abinci, ya kuma riƙa auna nauyinta, maimakon ya jira ta kawo ƙara.

Idan an ga alamun, matakin farko na magani shi ne zafi, kuma akwai hujjar kimiyya mai ƙarfi a kan haka. A tsakiyar shekarun 1970 Matthew Kluger da abokan aikinsa a Jami'ar Mishigan ta Amurka sun yi gwaji da wani ƙadangaren hamada. Sun sa masa ƙwayar Eromonas, sai suka ga yana barin wurin da ya saba kwanciya ya koma inda ya fi zafi, wato yana jawo wa kansa zazzaɓi da gangan. Da suka tsare wasu a wuri mai zafi, wasu a wuri mai sanyi, waɗanda ke cikin zafi suka fi tsira nesa ba kusa ba. Damon da ke cikin keji mai sanyi an hana shi wannan makami. Ƙwararrun masu kiwo suna ba da shawarar a samar masa wurin shan ɗumi mai faɗin da zai ɗauki dukkan jikinsa, wanda zafin samansa zai kai digiri 50 a ma'aunin Salshiyas ko fiye, sannan ɗaya gefen kejin ya kasance da sanyi-sanyi domin ya zaɓi inda yake so. Ana yin haka da fitilu da dama masu matsakaicin ƙarfi, domin fitila guda mai tsananin zafi takan ƙona fata a wuri ɗaya. Tare da zafi kuma sai ruwa, domin mafi yawan waɗanda ake kai wa asibiti jikinsu a bushe yake.

Mataki na biyu aikin likitan dabbobi ne. Zai buɗe bakin da wani abu mai laushi don kada ya karya haƙori, kuma sau da yawa sai an yi wa dabbar allurar barci, saboda cizon damo ba abin wasa ba ne, kankare miki kuma yana da zafi ƙwarai. Zai cire daskararriyar mugunya da mataccen nama da haƙoran da suka riga suka saki. Zai ɗebi samfur daga can cikin mikin ya aika ɗakin gwaji, a shuka ƙwayoyin a ga irinsu da maganin da ke kashe su. Idan muƙamuƙi ya kumbura, zai ɗauki hoton ƙashi ya ga ko ciwon ya kai can. Bayan haka ake shiga wankin baki na kullum da ruwan kilohekzidin ko na aidin da aka tsinka sosai, ana sunkuyar da kan dabbar ƙasa domin kada ruwan ya bi maƙogwaro. Idan an gano cutar da wuri, wannan wanki tare da gyaran keji kan isa.

In ciwon ya yi zurfi, sai an haɗa da maganin kashe bakteriya, galibi ta allura, tare da na rage zafi. Daga cikin waɗanda likitoci suka fi amfani da su akwai seftazidim, wanda ake yi sau ɗaya a kwana 3, domin jikin dabba mai jan ciki yana jinkirin fitar da magani. Wannan kaɗai ya isa ya nuna haɗarin auna wa damo magani da ma'aunin mutum ko na kaza. Akwai kuma amikasin, mai ƙarfi a kan Sudomonas, sai dai yana iya lalata ƙoda idan jikin dabbar babu isasshen ruwa. Ya zama ƙadangaren bakin tulu ke nan, sai mai sani ya taɓa shi. Jinya takan ɗauki makonni, in ta kai ga ƙashi kuma har watanni. Babban kuskuren masu kiwo shi ne su tsayar da magani da zarar kumburi ya saɓe, sai ƙwayoyin da suka rage su dawo da taurin kai.

Dole in ja kunne game da dabarun gida. Mun saba ganin ana buɗe kafso a barbaɗa a kan mikin dabba, ko a shafa gishiri, ko toka, ko kananzir, ko baƙin mai. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya dace da bakin damo. Masu zafin cikinsu suna ƙona sabon naman da ke ƙoƙarin tsirowa, dabbar kuma za ta haɗiye su ko ta shaƙe su. Kafson da aka barbaɗa a kan daskararriyar mugunya bai kai ga ƙwayoyin da ke ƙarƙashi ba, illa dai ya koya musu jure magani. Wannan kuwa ya wuce matsalar damo, domin Sudomonas na cikin ƙwayoyin da suka fi wahalar da likitocin mutane a asibitoci saboda jurewarsu ga magunguna. Haka kuma ɗura abinci da ƙarfi ta bakin da ke ciwo yana ƙara rauni. Damo mai ƙiba zai iya jure kwanaki ba ci, in kuma ya rame, likita ne zai ciyar da shi ta roba.

Sai rabin aikin da ya rage, wanda shi ne ke hana ciwon dawowa. Babban damo yana buƙatar keji mai tsawon ƙafa 8 da faɗin ƙafa 4 aƙalla, da ƙasa mai zurfi da ɗan danshi wadda zai haƙa rami a ciki ba ta rufta ba. A rufe ƙasan gilashin da katako ko fenti domin ya daina goga hanci. A ba shi maɓoya. A riƙa sauya ruwansa kullum, domin yakan yi kashi a ciki. A mayar da abincinsa ga abin da ya sani: gyare, fara, kyankyaso na kiwo, dodon koɗi. Tun da ƙwari ba su da isasshen sinadarin gina ƙashi, sai a ciyar da su ganye da karas kafin a ba shi, a kuma barbaɗa musu garin kalsiyam, domin ƙarancinsa yana tausasa muƙamuƙi, ƙarancin bitamin A kuma yana lalata fatar cikin baki. A sa masa fitila mai ba da irin hasken ranar da jiki ke buƙata wajen sarrafa kalsiyam. A rage ɗaukarsa, a raba shi da sauran dabbobi. Shi kuma mai jinya ya wanke hannu da sabulu duk lokacin da ya taɓa shi, kada ya wanke kwanonsa inda ake wanke na abinci, domin dangin damo suna ɗauke da ƙwayar Salmonela ko da suna lafiya, kuma hukumomin lafiya a Amurka suna gargaɗin a nisanta yara 'yan ƙasa da shekara 5 daga irin waɗannan dabbobi.

Mai karatu zai iya tambaya: mu ina ruwanmu da damon da ke ciwo a Turai? Ruwanmu a ciki yake tsundum. Daga yankinmu na Afirka ta Yamma dabbar ta tashi, kuma kowane ɗan damo da ya mutu a keji wani ake sake kamowa ya maye gurbinsa. A gonakinmu shi mai cin fara ne da gyare da kunama, aikin da ba a biyan sa ko sisi. Can ma inda aka kai su, sakacin ya haifar da wata matsalar: guzan da suka kuɓuce ko aka yasar sun yi gida a magudanan ruwan Cape Coral a jihar Fulorida, har a 2021 hukumar kula da namun daji ta jihar ta saka guza cikin dabbobin da aka haramta ajiyewa don marmari. Bugu da ƙari, a gidajen zu namu da hannun masu wasa da dabbobi akwai damo da guza da macizai da kada da ke zaune a tsare, kuma irin wannan ciwon baki yana kama su duka idan wurin zama ya ɓaci. Rana ba ta yi mana ƙaranci ba, amma damon da aka ɗaure da igiya a kan siminti, babu inuwa babu rami, ko aka kulle a ɗaki mai duhu, bai fi na cikin gilashi gata ba.

Saboda haka ina kira ga tsangayoyin koyar da likitancin dabbobi na Zariya da Sakkwato da Maiduguri, da Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, da su ba dabbobi masu jan ciki wani gurbi a koyarwa da bincike. Hankalinmu ya fi karkata ga shanu da tumaki da kaji, kuma da dalili, domin su ne dukiyar talaka. Amma bai kamata a ce ɗalibin da ya tashi yana ganin damo a bayan gidansu sai ya jira wani daga ƙetare ya faɗa masa zafin ramin damo da laimarsa a watan Maris ko Agusta ba. Wannan ilimi a ƙofarmu yake, kuma shi ne ainihin abin da masu jinyar dabbar a duniya ke buƙata.

Ga wanda kuma sha'awar kiwon ta kama, a nan gida ko a ƙetare, shawarata ita ce ya yi lissafi tun kafin ya miƙa kuɗi. Zai iya samar da fili, da zafi, da rami, da ƙwari a kai a kai na shekaru masu yawa? Ya san likitan da zai kai wa idan dasashi ya yi ja? In amsar a'a ce, to ya bar damo a dajinsa. Wanda ya riga ya ajiye kuma, yau ya duba bakin dabbarsa, ya auna zafin kejinta, ya gyara abin da ya ɓaci kafin mugunya ta daskare.